Tsakuwa a Waken Jurandir

Mijin yayata, Jurandir, bai iya zama ba. Ba sharri nake yi masa ba, duk unguwar Jurujuba an shaida. A tsaye yake shan kofi, a tsaye yake cin abinci in Yaya Zuleide ba ta kusa. Ko a coci bencin ƙarshe yake nema, na bakin ƙofa, don ya samu ya fita ya leƙa teku sau biyu kafin fada ya gama wa'azi. In kun hau bas tare zuwa tsakiyar Niterói, sai ya canja kujera, ya buɗe taga, ya rufe, daga ƙarshe ya sauka tun ba a iso ba ya ce zai ƙarasa da ƙafa. Ni kuwa mutum ne mai son zama, saboda haka na daɗe ina jin haushinsa, har yau kuma ban daina ba.

Sunana Osmar, amma shi Auta yake ce mini, don ni ne na ƙarshe a ɗakinmu. Shekara ashirin da biyu na yi ina riƙe masa cibiya. Haka muke kiran damin tiyon nan da ke bin mai nutso zuwa ƙarƙashin ruwa, wanda iskarsa ke bi, da wayar magana, da ta fitila. Shi yana ƙasa, ni ina kan kwale-kwalen aiki ina saki ina ja. Ta cibiyar nan na san abin da ko matarsa ba ta taɓa gani ba. Da zarar ruwa ya rufe kansa, Jurandir sai ya zama wani mutum daban. Numfashinsa a lasifika ya koma a hankali, tiyo ya kwanta a hannuna ba fizga ba komai. Da ya fito aka cire masa kwalkwali, sai ƙafar nan ta dama ta fara kaɗawa.

A ruwa ya tashi. Uwarsa, Dona Benedita, sana'arta ɓamɓaro kifin ƙwanso a duwatsun bakin gaɓa, shi kuma yake nutso ya ciro mata na ƙasa waɗanda hannu ba ya kaiwa daga sama. Ruwan Guanabara, wato tekun da ke gaban unguwarmu, kowa ya san shi, in ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka. A nan ya koyi gani da hannu. Daga baya ya kankare gindin jiragen kamun kifi, ya yi kwas a Rio, ya yi shekara shida a Macaé yana walda a ƙarƙashin ruwa. Kamfani huɗu ya bari ba tare da wani ya yi masa laifi ba, kawai in ya daɗe a wuri sai wurin ya ishe shi. Gida ma sau biyar suka tashi, duk a cikin unguwa ɗaya, har Yaya ta daina fitar da kwanukan aurenta daga kwali. Abu biyu ne kaɗai bai taɓa gajiya da su ba, yayata da aikin farfela.

Jiragen haƙar mai, manyan nan da ke zuwa hutawa a bayan doguwar gadar da ta haɗa Niterói da Rio, in suna tsakiyar teku ba anka ke riƙe su ba. Farfeloli shida ne a ƙarƙashinsu, kowacce na juyawa duk inda ake so, su ke tsayar da jirgi a kan rijiya. Guda ɗaya da gidanta ta kai tan saba'in. In ta gaji ba a fitar da jirgi tudu, a cikin ruwa ake kwance ta. Mutanen ciki su kifa murfin ƙarfe a kan raminta, su zuro igiyoyin ƙarfe uku ta bututu, masu nutso su ɗaura, a kwance kusoshi, a sauke ta a hankali, a ratso da ita ta ƙarƙashin jirgi zuwa gefe inda injin ɗaga kaya zai karɓa. In sabuwa za a sa, sai a bi hanyar nan a juye.

Duk wannan kowane mai nutso na iya yi. Inda ake neman Jurandir shi ne minti goman ƙarshe. Ramin yana da leɓe, wato zoben ƙarfe mai santsi da faɗinsa ya wuce mita uku, a nan robar farfela ke zama ta hana ruwa shiga. In ɗan ƙwanso ya manne a leɓen nan, ko silin waya, ko tsatsa ta yi tudun da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, roba ba za ta zauna ba. Wani lokaci nan take ruwa zai nuna, a sake saukewa, kwana biyu sun tafi a banza. Wani lokaci kuma ta yi shiru, sai jirgi ya koma teku da wata uku ko huɗu, sannan ta fara yoyo a ɗakin da mutane ke aiki ƙasa da ruwa. Kyamara kuwa ba ta ganin komai a ruwanmu sai launin shayi. Saboda haka kafin a ja farfela ta rufe, mutum ɗaya zai cire safar hannun dama, ya bi leɓen da yatsu tsirara, zagaye guda, ya faɗi kalma ɗaya. In ya ce "tas", shugaban nutso, Seu Altamiro, ya sa hannu a takarda, a ja.

Shekara goma sha tara kalmar nan ta Jurandir ce. Kamfanoni kan yi waya su ji ranar da yake da sarari kafin su tsayar da ranar aiki. Ya taɓa dakatar da aikin jirgi sukutum saboda gashin burushi ɗaya. Injiniyan jirgin, wani jan Bature, ya ce ba zai yiwu mutum ya ji wannan a cikin ruwa ba. Jurandir ya fito ya ajiye masa shi a tafin hannu, ya ce ya kai wa matarsa tsaraba.

Hannun nan na dama kuwa ya sha gata. Ba ya riƙe kofi mai zafi da shi, ba ya ɓare lemo, ba ya taɓa sabulun wanki, kuma kowace safiya Yaya na shafa masa man kwakwa. 'Yan aiki suka raɗa masa suna Amarya. Gilvan ne ya fara, abokin nutsonsa na shekara goma sha biyu, ƙaton mutum mai ƙaton baki.

"Amarya, wane launin jan farce za a sa yau?" in ji Gilvan, kusan kullum in mun hau kwale-kwale.

"Tambayi matarka, ta san wanda nake so," in ji Jurandir.

Sai kuma maganar wake. Tun farkon aurensu, marigayiya mahaifiyarmu ta ga yana ta zarya a tsakar gida ranar Lahadi, ta ɗora masa tiren wake ta ce ya tsince, ko ta huta da ƙarar takalminsa. Shi kuma don ya burge surukarsa ya rufe ido ya tsince. Daga nan abin ya zauna. Kowace Lahadi da safe zai zube kilo guda na baƙin wake a tebur, ya ɗaura tawul a ido, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, tsakuwa da ɓurɓushin ƙasa da mai ƙwaro duk ya ware su gefe. Ba ya sayen na leda wanda inji ya tace. Na buhu yake saye, mafi datti, har mai shagon na ajiye masa na gindin buhu. Baƙi su ɗauka wasa ne. Mu na gida mun san awo yake yi wa yatsunsa, don likitan kamfani duk shekara yana duba zuciya da huhu da kunne, amma bai taɓa tambayar yatsa ba. Shekara ashirin da takwas ba wanda ya tauna tsakuwa a gidan Yaya.

Ni gwauro ne, a can nake cin abincin Lahadi. Lahadin da nake magana a watan Yuni ne, ana ɗan sanyi, Jurandir yana da shekara hamsin da biyar. Yaya ta dafa waken da busasshen nama da haƙarƙarin alade, ga shinkafa, ga soyayyen garin rogo, ga yankakken lemo. Mu uku ne a tebur. Tana ba da labarin maƙwabciyarta da ta sayi firji ya ƙi shiga ƙofa, shi kuma yana zaune dole, ƙafarsa na kaɗa tebur har ruwan kofi na rawa.

A loma ta huɗu haƙorina ya ce ƙas.

Ba ƙara ce mai yawa ba. Yaya ba ta ji ba, ta ci gaba da firjinta. Amma teburin ya daina rawa. Na tura abin gefen kunci da harshe, na ji kaifinsa, na san ba ƙashi ba ne. Na ɗebi shinkafa na haɗa na haɗiye.

"Ƙashi ne, Auta?" in ji Jurandir, bai dube ni ba.

"Ƙashi ne."

"Yayarka ba ta iya saran nama ba."

"Sai ku riƙa dafawa da kanku, gardawan banza," in ji Yaya, ta ƙara mini wake.

Da aka gama ya ce zai raka ni tashar bas. Muka bi ta bakin gaɓa, yana gaba ina binsa kamar kullum, don ba wanda ke iya jerawa da shi. Sai da muka wuce inda masunta ke gyaran raga ya tsaya.

"Ina ka kai ta?"

"Wa?"

"Kar ka raina mini hankali, Auta."

"Na haɗiye."

"Yaya girmanta?"

"Ban auna ba. Ta kai rabin wake."

Ya zura hannun cikin aljihu. Ya dubi gada, ya dubi ƙasa, ya shuri wani gwangwani.

"Sanyi ne. Yatsu ba sa son Yuni."

"Jura, ranar Laraba akwai farfela."

"Ni aka kira, kai za ka gaya mini?"

"Ka ce wa Seu Altamiro mura kake yi. Kowa na mura yanzu."

"In yi mura wannan satin. Sati mai zuwa in yi me, naƙuda?"

Bas ya zo, na hau. Ta taga na ga bai juya gida ba, ya miƙe hanyar sansanin soja da sauri kamar wanda aka aika.

A ƙa'idar aikinmu, in mai riƙe cibiya ya ga wani abu ga mai nutsonsa, ko da jan ido ne, dole ya gaya wa shugaban nutso. Na san haka, ni na sha koya wa wasu. Litinin na ɗauki waya sau uku ina ajiyewa. Me zan ce? Seu Altamiro, na tauna tsakuwa a gidan yayata? Kuma in ya fahimta, to na yanke wa mijin yayata abin da yake rayuwa dominsa, a kan loma ɗaya. In na yi shiru kuma, akwai jirgin da zai koma teku da mutum ɗari da sittin a kan kalmar da ban tabbatar da ita ba. Ni da nake iya wuni a kujera ɗaya, ranar na share ɗakina sau biyu, na je kasuwa na dawo ban sayi komai ba. Na ji haushinsa ƙwarai, don ya shafa mini cutarsa.

Talata da hantsi Yaya ta yi mini waya.

"Auta, zo ka ɗauki abokinka. Jiya ya fente ƙofa, ya kwance fanka mai lafiya, yau kuma ya sayo wake kilo uku. Talata fa. Biki za mu yi ban sani ba?"

Na tarar ta fita, shi kaɗai ne a kicin da tawul a ido. Ya gama kilo ɗaya, ya tara tsintaccen a faranti. Ya ji shigowata, ya turo mini farantin.

"Duba."

Na baje su a tire kusa da taga, na bi da ido. Ina addu'a kar in samu. Na samu biyu, ɗaya baƙa mai kamar wake, wadda kowa zai iya kuskure, ɗaya kuwa fara ce mai kaifi wadda ko ni da safar hannu zan ji ta. Na yi tunanin jefa su aljihu. Amma na riga na haɗiye ɗaya, cikina bai da wurin wasu. Na ajiye su a gabansa, suka yi ƙara a kan tebur.

Ya ɗaga tawul ya dube su. Ya ɗauki farar ya murza tsakanin babban yatsa da manuniya, ya daɗe yana murzawa yana kallon yatsun.

"Ƙarfe ba wake ba ne," in ji shi. "A ƙasa daban ne. Ruwa yana tausasa fata. Kai ba ka taɓa sauka ba, ba za ka gane ba."

"To in ba daban ba ne fa?"

"Sai ka ji a lasifika, kamar kowa."

"Zan gaya wa Seu Altamiro."

"Ba za ka gaya masa ba. Da za ka iya, da tun jiya ka yi."

Gaskiyarsa ce, shi ya sa ta yi mini zafi. Na tashi na bar shi yana zube kilo na biyu.

Laraba ƙarfe shida muka bar tashar jiragen ruwa. Jirgin yana bayan gada, tsayinsa ya tare mana rana. An cire tsohuwar farfelar tun makon jiya, sabuwar kuma tun safe aka ratsa da ita, tana rataye a igiyoyinta uku, mita shida ƙasa da raminta. Ruwan Guanabara ba ya tsayawa sai sau biyu a wuni, tsakanin cika da ja, kuma ranar zai tsaya ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin. Minti arba'in muke da su. In ruwa ya juya ba a rufe ba, tan saba'in zai fara lilo a ƙarƙashin jirgi, ba mai son ganin haka.

Seu Altamiro, shugaban nutsonmu, dattijo ne mai sanƙo da ba ya ɗaga murya. Yana cikin kwantenar da muka mayar ofis a kan kwale-kwale, lasifika a gabansa, injiniyan jirgi a tsaye bayansa yana duba agogo. Gilvan ya sa kayansa ya zauna a bakin tsani, shi ne na ko-ta-kwana.

"Amarya ta rame yau," in ji Gilvan. "Ko ango bai bar ta ta yi barci ba?"

Jurandir bai rama ba. Gilvan ya dube ni, na yi kamar ina gyara tiyo.

Ni na sa masa kwalkwali. Kafin in kulle na matsa kusa da kunnensa na ce, "Har yanzu mura na nan in kana so." Ya buge hannuna. Na kulle, na ɗan daki saman kwalkwalin sau biyu, ya sauka.

Na jira numfashin nan ya kwanta. Mita biyar, bai kwanta ba. Mita goma, ya shige ƙarƙashin jirgi, har yanzu yana fita gajere gajere. Tiyo yana fizgar hannuna, ya saki, ya sake fizga. Shekara ashirin da biyu ban taɓa jin wannan mutumin a ƙasa ba. Na tudu ne ya sauka da kayan na ruwa.

"Na iso leɓe," in ji muryarsa a lasifika. Ya goge da burushi, ya bi da tsumma. "Na cire safa. Na fara daga igiya ta ɗaya."

Ba na ganinsa, amma cibiya tana gaya mini inda yake. Ta yi nisa, ta karkata hagu, ta dawo. Minti goma cif, zagaye ya cika. Seu Altamiro ya cire murfin biro. Mutanen ciki sun riga sun ɗora hannu a kan injinan jan igiya, kowa na jiran kalma ɗaya.

Sai na ji tiyo ya sake yin nisa.

"Jura, ka samu wani abu?" in ji Seu Altamiro.

"Zan maimaita."

Injiniyan jirgi ya faɗi wani abu da yarensu, ya nuna agogo. Seu Altamiro bai juya ba. Zagaye na biyu ya ci minti takwas. Da ya cika, tiyo ya tsaya, numfashi kawai muke ji, sannan ya sake tafiya. Gilvan ya miƙe tsaye ba wanda ya ce ya miƙe.

"Jura, saura minti goma sha huɗu ruwa ya juya."

Na matsa bakin kwantena da tiyo a hannu, na ce, "Seu Altamiro, akwai maganar da…" Ya ɗaga mini hannu in yi shiru, don lasifika ta yi ƙara.

"Altamiro."

"Ina jin ka."

"Ban sani ba."

"Maimaita."

"Na ce ban sani ba. Na zagaya sau uku. Ban san ko tas ne ba. Ka aiko Gilvan."

"Akwai wani abu a leɓen ne?"

"Ba a leɓen yake ba."

Seu Altamiro ya mayar wa biro murfinsa. Ya dube ni ta saman tabarau, kallon da ya nuna mini ya gane har da maganar da ban ƙarasa ba. Sannan ya ce, "Gilvan, ruwa." Aka kulle wa Gilvan kwalkwali, ya sauka bai ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba. Jurandir ya matsa gefe ya riƙe masa fitila, duk da ba abin da fitila ke nunawa. Gilvan ya cire safa ya bi leɓen, yana huci kamar mai hawan tudu. Saura minti huɗu ya ce, "Tas." Muryarsa ta fito ƙarama, kamar yana neman gafara.

Suka janye gefe, aka ja. Igiyoyi uku suka tafi tare, farfela ta hau, ta zauna da wata ƙara mai nauyi da muka ji har a tafin ƙafa. Bayan sa'a guda mutanen ciki suka zuƙe ruwan murfi suka aiko cewa ko ɗigo babu.

Wato leɓen tas yake tun farko. Da ya faɗi kalmarsa a zagaye na ɗaya, da an sa hannu, an ja, an tafi cin abinci, ba wanda zai taɓa sani. Wannan tunanin ne ya fara zuwa mini, kuma haushi na ji, ba alfahari ba. Daga baya na ji kunyar haushin.

Da ya gama tsayuwar da mai nutso kan yi a mita uku don jiki ya saba kafin ya fito, ya hau, na cire masa kwalkwali. Gilvan ya zo zai yi magana, ya dafa kafaɗarsa kawai ya wuce. Sauran 'yan aiki duk suka samu abin yi a ɗaya gefen kwale-kwale. Muka rage mu biyu a bakin tsani, ruwa na ɗiga daga kayansa.

"Tas ne?" in ji shi.

"Tas. Ko ɗigo."

Ya gyaɗa kai. Ya buɗe hannun yana dubawa, fatar ta yi fari ta tattare.

"Ka san da safe in na tashi nakan shafa kan yayarka," in ji shi. "Yanzu sai na buɗe ido nake sanin ko gashinta ne ko matashi. Ba ta sani ba. Kar ka riga ni."

Na sunkuya ina naɗe tiyo, don kar ya ga fuskata. Sai da na yi naɗi biyar na tambaya.

"Tun yaushe?"

"Tun bikin Kanibal. Da farko ƙaramin yatsa ne kawai."

Kanibal, bikin kiɗa da rawa a tituna, a watan Fabrairu aka yi shi. Hannuna ya tsaya a kan tiyo, don na fara lissafin ayyukan da muka yi daga Fabrairu zuwa Yuni. Ya ga ina lissafi.

"Uku," in ji shi. "Na Maris, da biyun Afrilu. Na san sunayen jiragen, na san lambar kowace farfela. Lokacin ina ji, amma ba duka ba. Na ce tas."

Ya juya wajen kwantena. Na riƙo hannun rigarsa.

"Jura, tsaya. Yau ka sauka da mutuncinka, kowa ya ji. Za a riƙa ba da labari. In ka shiga can ka faɗi wannan, ba aikin kaɗai za su karɓe ba. Shekara goma sha tara za a koma ana tambaya. Su Gilvan ma ba za su iya kare ka ba."

"Na sani."

"Wata uku ba wanda ya kawo ƙarar yoyo. Ƙila duk tas ne, kamar na yau."

"Ƙila," in ji shi. "Kai za ka sa hannu?"

Ya jira, ya ba ni lokaci sosai, shi da bai taɓa jiran kowa ba. Na saki rigar.

Ya taka zuwa kwantena da jiƙaƙƙun kayansa, ya tsaya a bakin ƙofa. Na ji ya ce, "Altamiro, ɗauko takarda, akwai jirage uku da za ka yi wa waya." Seu Altamiro ya roƙi injiniyan jirgi ya ba su wuri. Kafin a jawo ƙofa na ji Jurandir ya faɗi sunan jirgi na farko da ranar da muka rufe shi, goma sha ɗaya ga Maris, kuma ni ma ina wurin, da cibiyarsa a hannuna.